Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Kula Da Wuraren Tarihi Na British Columbia A Kan Masaukin Cottonwood

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Sashen Kula da Wuraren Tarihi na lardin British Columbia, ƙasar Kanada, da waɗanda ke gudanar da masaukin Cottonwood House a madadinsu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri,

Ranku ya daɗe, mu masu aikin gyaran tsofaffin gine-ginen katako ne da masu bin tarihin hanyoyin fatauci. Mun rubuto a kan gida ɗaya, Cottonwood House, tsohon masaukin matafiya na zamanin rububin haƙar zinare, wanda ke bakin babbar hanya mai lamba 26, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba gabas da Quesnel idan an nufi Barkerville. Roƙonmu shi ne, duk lokacin da za a kasafta kuɗin kula da wannan wuri, a sa maganin wuta da na ruwa a gaba, a bi da barga da fadamar ciyawa da rumbun ƙarƙashin ƙasa, sannan a zo kan labule da kwanukan ado na falo. Ba mu muka ƙirƙiro wannan jeri ba. Tarihin gidan ne ya jera shi haka.

A watan Agusta na 1862 Billy Barker ya haƙa rami a rafin Williams Creek, ya ci karo da zinare a zurfin kusan mita 16. Kafin shekara ta zagayo, garin da aka sa wa sunansa ya cika maƙil. Sai dai wurin yana can cikin duwatsu, a tudun da ya haura mita 1,200, inda sanyi kan ƙone shuka ko a tsakiyar lokacin zafi. Zinare akwai, abinci babu. Buhun fulawa, ƙusa, man fitila, takalmin aiki, duk sai an ɗauko su daga nesa, galibi daga Yale, inda jiragen ruwa ke tsayawa a kogin Fraser, nisan kusan kilomita 650. Gwamna James Douglas ya sa aka fara hanyar amalanke a 1862. Injiniyoyin sojan Ingila suka fasa duwatsun da suka fi tsauri a kwazazzabon Fraser, 'yan kwangila irin su Joseph Trutch da Gustavus Blin Wright suka ɗauki sauran. Faɗinta ƙafa 18. Ta kai Soda Creek a 1863, daga nan jirgin ruwa ya riƙa ƙarasa da mutane Quesnel, ɓangaren Quesnel zuwa Cottonwood ya kammala a 1864, a 1865 kuma amalanke ya shiga Barkerville.

Shanun da ke jan manyan amalanken kaya ba sa wuce mil 10 zuwa 12 a wuni. Keken fasinja na kamfanin Barnard's Express, wanda ya fara zirga-zirga a 1864, saurinsa ya dogara ne da canza dawaki a kan kari. Shi ya sa masaukai suka tsiro kusan kowane mil 10 zuwa 15, har wasu ba su da suna sai lambar nisansu daga garin Lillooet: 70 Mile House, 100 Mile House, 150 Mile House. Wanda ya san tsohuwar hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ya riga ya san tsarin, ƙafar dabba ce ke yanke inda ayari zai yada zango, kuma mai masaukin da fatake ke nema shi ne mai ruwa da harawa. Har raƙuma an gwada a hanyar Cariboo, wato yankin da Barkerville take. A 1862 Frank Laumeister da abokan cinikinsa suka kawo masu tozo biyu guda 23. Tafin raƙumi da aka halitta don rairayi ya tsattsage a kan kaifin dutse, warinsu kuma ya riƙa firgita alfadarai da dawaki a hanyar da gefenta rami ne, ba a daɗe ba aka janye su. Da sun tambayi kowane Buzu da ya sauƙaƙa musu asarar.

John Ryder da Allen Smith ne suka gina Cottonwood House tsakanin 1864 da 1865. John Boyd, wanda ya riga ya mallaki Cold Spring House a kan wannan hanya, ya saye shi a 1874. Shi da matarsa Janet suka haifi 'ya'ya goma. Ya rasu a 1909, iyalinsa suka ci gaba da riƙe gidan har 1951, gwamnatin lardi ta karɓe shi a 1963. A lura da shekarar sayen. A 1874 rububin ya daɗe da lafawa, zinaren da ake tsinta cikin sauƙi ya ƙare, dubban mahaƙa sun watse. Boyd ya sayi masauki bayan kasuwa ta tashi, amma gidan ya ciyar da iyalinsa shekara 77. Gidan ya ga lokacin da jirgin ƙasa ya mayar da mafarin hanyar zuwa Ashcroft a shekarun 1880, ya ga shigowar mota wajen 1910, ya ga layin dogo ya iso Quesnel a 1921, ya kuma ci moriyar farfaɗowar haƙar zinare a Wells a shekarun 1930. Masaukan da jarinsu gado ne da barasa kawai sun mutu tare da rububin.

Abin da ya riƙe Cottonwood shi ne ƙasar da yake kai. Yana kan shimfiɗaɗɗiyar fadama a bakin kogi, kafin hanya ta fara hawan da noma ke gagara. Ku yi lissafin da mai masauki ke yi kowace kaka. Doki mai nauyin kilo 500 yana cin kusan kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a busasshiyar ciyawa kullum, wato kilo 10, ban da hatsi idan yana aiki, yana kuma shan lita 25 zuwa 45 na ruwa. Idan dusar ƙanƙara ta rufe makiyaya wata shida, doki ɗaya ya cinye kusan tan 1.8. Dabbobi ashirin, tan 36 ke nan, kafin a ƙirga shanun masu wucewa. Duk wannan da hannu ake yanka shi, a shanya, a kwashe a cikin gajeren lokacin zafi. Saboda haka babbar barga, da rumbun dankali da kabeji, da kanti, su ne ainihin sana'ar. Ɗakin cin abinci wurin karɓar kuɗi ne kawai. Baƙon da aka nuna wa falo aka sallame shi bai ga yadda masauki ke aiki ba.

To, me ya kashe takwarorinsa? Wuta ce. 100 Mile House ya ƙone a 1937, 70 Mile House a 1956, otal ɗin Clinton a 1958. Barkerville kanta ta ƙone kusan ƙurmus ranar 16 ga Satumba, 1868, cikin ƙasa da awa biyu. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Murhun ƙarfe yana ci dare da rana duk tsawon hunturu. Ɗanyen icce yana barin baƙar kunkunniya mai danƙo a cikin bututun hayaƙi, ta yi kauri, wata rana ta kama da kanta. Bututun falle ɗaya ne, ya ratsa silin ya ratsa rufi, katakon da ke kewaye da shi ya shekara yana gasuwa har ya kai inda ɗan zafi kaɗan ya ishe shi. A sama kuma rufin fallen katako ne da ya bushe ƙayau. Idan za a ci gaba da hura murhu don nuna wa baƙi yadda ake girki, kuma muna ganin ya kamata a ci gaba, to bututu mai falle ɗaya ya nisanci duk wani katako da santimita 45, inda zai ratsa silin a sa mai rufi biyu da abin tare zafi ko da ba irin na zamanin ba ne, a share shi kafin buɗe kakar baƙi da bayan rufe ta, a ƙona busasshen icce kawai, tokar kuma a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye a waje nesa da bango.

Haɗarin yau ya fi na zamanin Boyd, domin yanzu daga daji wutar ke zuwa. Garin Lytton, da ke kan tsohuwar hanyar, ya ƙone ranar 30 ga Yuni, 2021, kwana ɗaya bayan zafi ya kai digiri 49.6. A Yulin 2024 gobarar Antler Creek ta sa aka kwashe mutanen Wells da Barkerville. Ba kasafai harshen wuta ke fara cin gini ba. Garwashin da iska ke ɗauka ya yi tafiyar da ta fi kilomita guda shi ne ɓarawon. Ya faɗa tsakanin fallayen rufi, ko cikin indararon da ganye ya cika, ko ƙarƙashin baranda inda busasshiyar ciyawa ta taru, ya yi ta ci a ɓoye har bayan kowa ya tafi. Ƙa'idar FireSmart da lardinku ke koya wa masu gidaje ta dace da nan daidai: mita ɗaya da rabi kewaye da kowane gini ya zama tsakuwa ko ƙasa tsura, babu abin da zai kama, zuwa mita 10 a gajarta ciyawa, a kawar da tarin icce da itatuwa masu ƙaro, zuwa mita 30 a rage cunkoson itatuwa, a sassare ƙananan rassa har tsayin mita biyu. Kowace kafar iska a toshe ta da ragar ƙarfe mai idon milimita 3. Tarin itacen girki jingine da bango yana kyau a hoto, amma a matsar da shi.

Famfunan yayyafi a kan rufi suna aiki, da sharaɗin injin da ke tura musu ruwa yana da nasa man, domin lantarki ne farkon abin da ke ɗaukewa a gobarar daji. A gwada bakin tiyon da ke zuƙo ruwa a ƙarshen Agusta, lokacin da kogi ya ja baya, tunda gwajin watan Mayu da ruwa ya cika ba ya nuna komai. A cikin ginin da ba a ɗumama shi da hunturu, bututun da ruwa ke kwance a ciki fashewa yake yi, don haka sai tsarin da bututun ke zama babu ruwa har sai wuta ta tashi. Wayoyin lantarki a bi su duk shekara, ɓeraye da kurege na son ɓawonsu. Game da rufi kuwa, ra'ayinmu a fili yake: a yi amfani da fallen katakon da aka dafa da maganin hana kama wuta. Masu tsananin kishin asali za su ce launinsa ya ɗan bambanta. Gaskiya ne. Maganin ma ruwan sama yana wanke shi a hankali, shi ya sa dole a rubuta shekarar da aka ɗora shi. Amma gara bambancin launi da toka.

Idan za a tara ciyawa a barga, a auna ta tukuna. Wadda danshinta ya haura kashi 20 cikin ɗari tana ɗaukar zafi daga ciki a makonni shida na farko. A riƙa cusa ma'aunin zafi mai dogon ƙarfe a tsakiyar tarin. Digiri 55, a riƙa dubawa kullum. Digiri 65, haɗari ya kusa. Wajen 80, kada kowa ya yaye tarin sai 'yan kwana-kwana suna tsaye, domin iskar da za ta shiga ita za ta tayar da wutar.

Ruwa ya fi wuta haƙuri, kuma shi ya fi yawan ɓarna. Ginin gumagumai daga ƙasa yake mutuwa. Gungumen da ke kwance a kan harsashi shi ke ɗauke da komai, shi ne kuma ruwan da ke zuba daga rufi ke fantsamar wa, shi ne dusar ƙanƙara ke jingina da shi wata da watanni, musamman a bangon arewa da rana ba ta gani. Cikin shekara 160 ƙasar da ke kewaye da kowane gini tana tasowa, daga ganye da tsakuwar da ake zubawa a hanyar baƙi, har ta taɓa katako. Ruɓa tana samun gindin zama idan danshin katako ya kusa kashi 30 cikin ɗari, ƙasa da 20 kuwa ba ta iya komai. Na'urar auna danshi ba ta da tsada. A haɗa ta da basilla: inda tsinin ya nutse ba da ƙarfi ba, ko ɓallin ya karye guntu maimakon ya tsage dogo, ruɓa ta shiga ko da fuskar gungumen tana sheƙi. Garin katako a gindin bango alamar manyan baƙaƙen tururuwa ce, su kuma jiƙaƙƙen katako suke bi, don haka fesa musu magani ba tare da an tare ruwan ba wahalar banza ce.

Gyaran farko da shebur ake yin sa. A sauke ƙasa har a sami aƙalla santimita 20 tsakaninta da katako, a karkata ta yadda za ta sauka santimita 15 a mita uku na farko, kuma mai binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a wurin, domin gindin bangon masauki cike yake da ƙusoshi da fasassun kwalabe da kofaton ƙarfe masu ba da labari. Mai share dusar ƙanƙara a gaya masa kada ya tara ta a jikin gini. Bayan haka a duba kusurwoyi. Haɗin da aka sassaƙa a karkace yana zubar da ruwa waje muddin yana zaune daidai, amma da zarar gungumen ƙasa ya lotsa, haɗin ya buɗe baki, ƙarshen katako kuma tsotsar ruwa yake yi fiye da gefensa nesa ba kusa ba. Tsagar da ke kallon sama ma kwano ce, ruwa ya shiga ya daskare ya ƙara buɗa ta.

Kura-kurai biyu sun lalata tsofaffin gine-ginen gumagumai da yawa a hannun masu kyakkyawar niyya. Na farko cike tsakanin gumagumai da siminti. Katako yana kumbura yana motsewa, siminti ba ya motsi, sai siririyar kafa ta buɗe a samansa, ruwa ya shiga ya rasa mafita. A koma ga abin da aka samu a bangon tun asali, gansakuka ko yumɓu ko kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda ke barin danshi ya fita, ko da zai buƙaci faci duk bayan 'yan shekaru. Na biyu shafa fenti mai toshe numfashi ko man sheƙi. Yana kulle danshi a ciki ne. Sandunan gishirin boron da ake cusawa a ƙananan ramuka kusa da wurin da ke jiƙa sun fi amfani, domin danshin ne ke narkar da su ya kai maganin inda ake buƙata.

Idan ya zama dole a canza gungumen ƙasa, a cire tagogin wannan bango tukuna, a ɗaure bangon ciki da waje da tsayayyun katakai, a ɗaga da jak da yawa a tare, milimita kaɗan a kowane juyi, ana cusa matokari a baya. Gaggawa tana fasa bututun hayaƙi da takardar bango. Inda ruɓar ta tsaya a fuska kawai, a yanke ta a dasa sabon katako, a bar zuciyar gungumen. Sabon ya zama irin itacen, busasshe, a sassaƙe shi da gatari kamar maƙwabtansa, a buga masa shekara a ɓoyayyen gefe don kada mai gyara na gaba ya ɗauka na 1865 ne. Wannan duk ya dace da ƙa'idojin adana wuraren tarihi na Kanada da aka fitar a 2003 aka sabunta a 2010. Abin da ake buƙata shi ne a riƙe kafintoci masu wannan hannu da aiki na dindindin, domin ba a samun su da kwangilar wata uku.

Rumbun ƙarƙashin ƙasa yana da nasa haɗarin. An yi shi ne ya zauna da sanyin digiri 0 zuwa 4 da danshi mai yawa, abin da dankali ke so, ruɓa ma ke so. Azarorin rufinsa suna ruɓewa daga saman da ƙasa ta rufe, inda ido ba ya kaiwa. A huda su da siririn ma'auni kafin a bar yara 'yan makaranta su shiga, a kuma tabbatar kafofin iskarsa biyu, ta ƙasa da ta sama, a buɗe suke. Gaɓar kogin ma a riƙa auna ta daga kafaffen fegi bayan kowace ambaliyar narkewar ƙanƙara. Duk guntun tsohuwar hanyar amalanke da ya rage a cikin filin, a hana manyan motoci hawansa.

Sai abin da ake gaya wa baƙo. Gidan yana ƙasar mutanen Dakelh, 'yan asalin yankin, kuma al'ummar Lhtako Dene suna nan kusa da Quesnel har yau. Shekarar da Barker ya sami zinare ita ce shekarar da agana ta yi wa 'yan asalin yankin kisan da ba a taɓa gani ba. Shekarar da aka fara ɗora gumaguman Cottonwood, a Oktoban 1864, aka rataye shugabanni biyar na al'ummar Tsilhqot'in, su ma 'yan asalin ƙasar, a Quesnel, waɗanda gwamnatin lardi ta wanke daga laifi a 2014, ta tarayya a 2018. Masu wannan tarihi su ya kamata su faɗe shi da bakinsu, a kuma biya su. Mutanen Sin sun zama babban kaso na mazauna Cariboo, suna haƙa, suna noman lambu, suna girki a masaukai. A kan hanyar nan ne kabarin Charles Blessing yake, wanda aka kashe a 1866, aka gano wanda ya kashe shi saboda Wellington Moses, baƙar fata mai aski a Barkerville, ya shaida allurar ado ta zinare ta mamacin. Janet Boyd da 'ya'yanta kuma su suka riƙe gidan shekara 42 bayan rasuwar maigidan. Waɗannan su ne mutanen hanyar, kuma sunayen irinsu a littattafan ciniki da na bashi ake samunsu. Duk takardar da ta tsira daga wannan gida a ɗauki hotonta shafi-shafi, a ajiye kwafi a wani gari. Gidan tarihin mutanen Sin na Lytton ya yi asarar mafi yawan kayansa a gobarar 2021, abin da ya tsira shi ne bayanan da aka riga aka adana a kwamfuta.

A ƙarshe muna roƙon a tsayar da duba sau biyu a shekara, ɗaya a Mayu bayan narkewar ƙanƙara, ɗaya a Oktoba kafin ta sauka. A auna danshi a wurare guda, masu lamba, a kowane gini, har da barga da rumbu, a ɗauki hoto daga kusurwa guda, a rubuta ranar da aka gwada injin ruwa da sunan aikin da aka ɗage saboda rashin kuɗi. Rahoton a wallafa shi inda jama'ar Quesnel da Wells da kowa zai iya karantawa.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana.

Naku,
Wasu masu gyaran tsofaffin gine-ginen katako da masu nazarin hanyoyin fatauci